Ragon baɗi

Yau Alhamis na leƙa kasuwar Maigatari, kara ta yi tsit, kamar ba ita ce ake ture-ture a cikinta kafin Sallah ba. Can gefe na hangi wata dattijuwa tana ciniki da wani Bafulatani a kan ɗan ƙaramin rago, ƙahonsa ma bai gama fitowa ba. Na gaishe ta, na ce, "Iya, layya ai ta wuce, wannan na suna ne?" Ta yi dariya ta ce, "Yaro, na baɗi ne. Ni ban taɓa sayen rago ana jajibere ba." Ta kwance bakin zani ta biya abinta. Ba ta ma tsaya dogon ciniki ba, don kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Tun da na dawo gida nake lissafin abin. Kafin wata layyar ragon nan ya cika shekara, ya isa yanka. Damina ciyawa kyauta ce, da kaka kuma ga harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa rumfa, sai ɗan dusa da kanwa. Ga shi Sallah kullum gaba take matsowa da kusan kwana 11, wato baɗi cikin bazara za ta faɗo, lokacin da abincin dabba ke tsada, masu kiwo kuma a kan mai saye za su fanshe. Mu da muke da garke a bayan ɗaki ban ga dalilin da zai sa mu riƙa cin bashin rago ba. In Allah ya kai mu Alhamis mai zuwa, da igiya zan koma.