Ɗan yayata ya ce mini tururi ne kawai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan taba kafin Allah ya raba ni da ita, don haka idan na ga hannun mutum yana yawan komawa aljihu yana lalube, na san abin da ke cinsa. Haka na lura da ɗan yayata, yaro ɗan shekara 17, lokacin da ya zo ya yi mako biyu a wurina. Ba ya iya zaman rabin awa bai tashi ya zagaya ba. Idan ya dawo babu warin komai a jikinsa, sai wani ƙamshi kamar na alawa. A rana ta huɗu na tsinci abin, wato sigarin lantarki, a ƙarƙashin matashin kansa, ɗan ƙarami mai launin shuɗi, kai ka ce alƙalami ne.

Na ajiye shi a gabansa. Bai musa ba, bai ma razana ba. Ya ce, "Kawu, wannan ai ba taba ba ce. Tururi ne kawai, ruwa ne da ɗan ƙamshi." Abin da ya tayar mini da hankali shi ne har zuciyarsa ya yarda da maganar.

Sigarin lantarki batir ne a ciki, da siririyar waya da aka naɗe, da ruwan da ake zuƙa. Da an ja, batirin ya ɗumama wayar, ruwan ya tashi ya zama ƙananan ɗigo masu shiga can cikin huhu. Ruwan kuwa haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, sannan a mafi yawansu da nikotin, wato dai abin da ya ɗaure ni shekara goma sha ɗaya. Idan zafi ya yi yawa, ruwan na fitar da fomaldihaid, sinadarin da ake adana gawa da shi, wanda aka tabbatar yana jawo sankara. Ita ma wayar tana sakin ɓurɓushin ƙarfe. An samu nikel da kuza da dalma a cikin abin da ake zuƙa. Kayan ƙamshin nan da yawansu an amince a ci su ne, amma ciki daban, huhu daban.

Ni dai nikotin ɗin ya fi tsaya mini a rai, domin shi na sani ciki da bai. Karan sigari yana da ƙarshe. Ka kunna, ya ci minti biyar, ya mutu, ka yar. Yana da wari, dole ka fita waje, dole ka nemi ashana, dole ka ji kunyar wanda zai shinshino ka. Duk waɗannan ƙananan shingaye ne da suka riƙa rage mini sha ba tare da na sani ba. Wannan sabon abin ya rushe su duka. Yaro na zuƙa a kan gado, a banɗaki, a cikin hannun riga, ya farka tsakar dare ya ja sau biyu ya koma barci. Na tambayi ɗan yayata sau nawa yake ja a rana. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Ni kuwa a mafi munin kwanakina na san adadin karan da na sha, domin kwalin na ƙarewa a idona.

Akwai kuma maganar tari. Ranar da na fara zuƙar sigari maƙogwarona ya yi kamar an zuba masa garwashi, kuma wannan azabar ta kori mutane da yawa tun daga karan farko. A shekarar 2015 aka fito da wani sigarin lantarki mai suna Juul a Amurka da wani nau'in nikotin da aka haɗa da asid don ya daina ƙona maƙogwaro. Sai ya zama ana iya cusa nikotin mai yawa, ya wuce sumul. Ƙaramin ƙoƙon ruwansa ɗaya na ɗauke da nikotin kusan na kwalin sigari mai kara 20. Zuwa 2019, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban babbar sakandare a Amurka sun ce sun zuƙi sigarin lantarki cikin kwana 30 da suka wuce. Tun a Disamban 2018 babban likitan gwamnatin ƙasar ya kira abin annoba a tsakanin matasa.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren gaba, mai kula da natsuwa da kame kai, shi ke zuwa ƙarshe. Nikotin na isa can cikin daƙiƙu kaɗan, ya saki sinadarin jin daɗi, ƙwaƙwalwar ta saba, ta fara nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma nikotin ma da ɗanyen yake fin saurin kamawa. Yayata ta daɗe tana kuka da cewa yaron ya zama mai saurin fushi, ba ya barci sosai, karatu ba ya zama. Shi kuma ya ce mini yana zuƙa ne don hankalinsa ya kwanta. Na san wannan tarkon. Rashin natsuwar da yake ji, ƙishirwar nikotin ce. Idan ya ja sai ta lafa, ya ɗauka magani ya samu.

Ya kawo mini hujjarsa, kuma ban raina ta ba. Ya ce a intanet ya ga hukumar lafiya ta Ingila ta ce abin ya fi sigari sauƙin illa da kashi 95 cikin 100. Gaskiya ne an faɗi haka a 2015, ko da yake masana da dama sun soki yadda aka samo adadin. Na ce masa, "Da wa suke magana? Da irina suke, wanda ya riga ya cika huhunsa da kwalta yana neman hanyar fita." Shi kansa wanda ya ƙirƙiro na'urar a 2003, wani mai haɗa magunguna ɗan Sin da ake kira Hon Lik, mashayin taba ne da mahaifinsa ya rasu da sankarar huhu. Ɗan yayata bai taɓa sa sigari a baki ba. Huhunsa iska kawai ya sani, to da iska za a auna abin, ba da sigari ba.

A 2019 matasa suka riƙa cika asibitocin Amurka numfashi na gagarar su. Zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, kuma 68 sun rasu. An gano yawancinsu sun zuƙi ruwa mai sinadarin wiwi da aka gauraya da wani man bitamin E, wanda suka samo ta bayan fage. Darasin da na ɗauka shi ne mai zuƙa ba ya ganin abin da aka zuba masa. Sigari ta yi shekaru masu yawa tana kisa kafin bincike ya ɗaure ta da sankarar huhu a 1950. Sigarin lantarki kuwa shekarunsa ashirin da 'yan kai ne kacal a duniya, kuma a huhun yaran nan ake gwajin. Indiya ta haramta shi a 2019, Birtaniya ta hana sayar da na zuƙa-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025.

Ban yi masa faɗa ba, domin faɗa bai taɓa raba ni da taba ko na kwana ɗaya ba. Na faɗa masa abin da zai ji idan ya daina: ciwon kai, ƙunci, yunwa, da cewa kwana ukun farko sun fi tsanani, kuma kowace ƙishirwa na tasowa ta faɗi cikin 'yan mintuna idan an daure. Na kai shi wurin likita, muka sa ranar da zai daina. Ya yi kwana tara, ya koma, ya kira ni da kansa ya faɗa mini. Muka sake sa wata ranar.

Jiya da ƙarfe ɗayan dare wayata ta yi ƙara. Ya ce, "Kawu, abin ya taso." Na ce ya tashi ya sha ruwa, kada ya kashe wayar. Muka yi ta hira har na ji muryarsa ta sauka. Yau kwanansa 23.