Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Kartar Ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum jama'a, masu cewa na yi shiru ku yi haƙuri, hidima ce ta sha kaina. Wancan satin mun tsaya a inda Baba ya ɗauko kakarmu Hajiya daga ƙauye ya dawo da ita gidanmu na Tudun Wadan Zariya saboda ciwon ƙafarta, aka gyara mata ɗakin da ke kusa da rijiya. To yau zancen karta zan muku, don duk sanda na tuna shekarar 1998 ba abin da ke fara faɗo min a rai irin ɗakin nan da ƙaurin kananzir na fitilar ƙwai, sai kuma 4 da 1 ɗin da Denmark ta zura mana a kofin duniya na Faransa, wanda har yau ban yafe ba.

Dogon hutu ne, damina ta kankama, yamma na yi za a ɗauke wuta, ga ruwa ba damar fita. Ɗan Baffanmu da ya zo hutu daga Kaduna shi ya shigo da kartar cikin aljihun jakarsa, Whot ce, mu dai wot muke cewa, ta sha jiki har gefenta ya yi laushi kamar tsumma, an ɗaure ta da kyauron roba. A gidanmu kuwa kalmar karta kanta zagi ce. In Baba ya ce wane ɗan karta ne to ya gama da shi ke nan, don a wurinsa karta da caca uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ya sa muka rasa inda za mu buga, zaure hanyar Baba ce, ɗakin samari kuma Yaya Babba ya ce ba ruwansa kar a ja masa. Ƙarshe dai ɗakin Hajiya muka lallaɓa da sunan mun zo taya ta hira.

Daren farko tana kishingiɗe tana jan carbi tana kallonmu ta wutsiyar ido. Dare na biyu ta ce wai wannan mai kama da faifan me ake ce masa. Dare na uku sai ji muka yi ta ce min, "Kai mai gidan, matsa can, raba da ni, miji ba ya cin abu shi kaɗai." Haka take kirana saboda wasan jika da kaka, ni kuma in ce mata amarya ta tsufa a canza min.

Hajiya ba ta yi boko ba, ba ta san 7 ba ta san 12 ba, amma zanen ba ya ɓace mata. Ita ta raɗa musu suna ma, mai da'ira faifai, mai kusurwa uku murhu, mai kusurwa huɗu akwati, kuros ta ce mararraba, tauraro dai tauraro. Lambobin kuma a sati guda ta haddace kamanninsu, 2 ta ce agwagwa, 8 ta ce ƙwarya biyu a kife, 1 tabarya. Kuma da ma wot ba ta da 6 ba ta da 9, daga 5 sai 7, daga 8 sai 10 har zuwa 14, sai 'yan 20 guda biyar waɗanda in ka jefa ɗaya kai ke da ikon cewa ga zanen da kake so. Duka-duka 54 ne in ta cika. Tamu ba ta cika ba, zan zo wurin.

Dokokin gidanmu su ne dai na ko'ina, ko da yake kowace unguwa da nata ƙarin gishirin. Ka jefa 2 na kusa da kai ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 1 holon ka sake jefawa, 8 a tsallake mutum, 14 kuwa janar maket kowa ya tafi kasuwa sai kai, wato kowa ya ɗauki kati daga tarin da aka kife a tsakiya. In saura ɗaya a hannunka dole ka ɗaga murya ka ce las kat, in ka manta aka kama ka sai kasuwa. Hajiya ba ta iya faɗin cekof ba, in ta gama sai ta buga katin a tabarma ta ce "na shige ɗaki", shi ke nan har yau a danginmu haka ake cewa. In kasuwa ta ƙare ba wanda ya gama sai a ƙirga, a nan tauraro ke cin amanar mutum don ninki biyu ake lissafa shi, 8 na tauraro 16 ne, sau nawa ina riƙe shi ina jin daɗi ya kai ni ƙasa.

Sai da na girma na san wai wasan ma daga Ingila ya fito, wani Bature William Storey ya ƙirƙiro shi wajen 1935, kamfanin Waddingtons ya yi ta bugawa. Na yi dariya ranar, don da a lokacin ka ce mana ba a Sabon Gari aka ƙirƙiro wot ba sai mun yi dambe da kai.

Abin da ya sa nake son wasan nan, kuma sai yanzu nake gane shi, a gidanmu komai da girma-girma ake yi. Yaya Babba ya girme ni da shekara tara, ban isa in kalli idonsa ba, in ya aike ni ko ina cin abinci sai na tashi, nama a kwano shi ke fara ɗauka. Amma ranar da ya gaji da jin shewarmu ya shigo ya zauna, a kan tabarmar nan ni ɗan shekara goma sha ɗaya na dube shi na ajiye agwagwa na ce "Yaya, ɗauki biyu." Ya harare ni, na ji cikina ya juya, Hajiya ta ce ɗauka mana, ai ba shi ya ce ba, takarda ce ta ce. Wallahi ya ɗauka. Daren nan ban yi barci da wuri ba don murna. Har Anti amaryar Baffa da ko sunan Hajiya ba ta iya faɗa don kunya, sai ga ta tana tura surukarta kasuwa tana rufe baki da mayafi.

Ba kuɗi muke sawa ba, Hajiya ta kafa wannan sharaɗin tun farko, ko gyaɗa ba a ci. Wanda ya zo na ƙarshe a shafa masa toka a goshi, in ya yi uku a jere shi zai ja ruwan safe a rijiya. Ita in ta faɗi sai ta ce ƙafa, a yafe mata. Kuma tana maguɗi!! Tana ɓoye kati a ƙarƙashin cinya, in an kama ta ta ce faɗuwa ya yi, wa zai yi musu da tsohuwa.

Maganar rashin cika kuwa, akuyar Umma ce ta cinye mana 14 na kuros wata rana da auta ya bar kartar a bakin taga. Sai ɗan Baffa ya yanko kwalin sukari ya zana mararraba da biro ya rubuta 14. Matsalar bayan kwalin shuɗi ne, duk wanda ya riƙe shi kowa ya sani, sai ka ga ana ta kallon hannunsa ana cewa a shirya tafiya kasuwa. Hajiya ta fi kowa son katin nan, in ya zo mata sai ta ɗaga shi tana fifita da shi tana mana dariyar mugunta.

Ranar wata Alhamis bayan isha'i, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano ta hana mu jin buɗe ƙofar zaure. Mu bakwai ne a ɗakin har da Umma da ta leƙo kawo wa Hajiya kunu ta tsaya kallo. Ni goshina toka biyu, Yaya Babba ɗaya. Sai kawai hasken tocila a labule, sai sallamar Baba. Ɗan Baffa ya zauna a kan kasuwar, Anti ta cusa nata a mayafi, Umma ta bi ta bayan Baba ta sulale, ni kuwa na daskare da kati biyar a hannu kamar an dasa ni.

Baba ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, "Hajiya barka da dare, ya ƙafar?" Sannan ya haska goshina, ya haska na Yaya, ya haska tabarma. Bai ɗaga murya ba, da ma in ransa ya ɓaci sosai a hankali yake magana. Ya ce, "Karta? A gidana?"

Ba wanda ya yi ko tari. Hajiya ta gyara zama, ta zaro kwalin sukarin nan daga ƙarƙashin cinyarta, ashe tun ɗazu yana can, ta ajiye a tsakiyar tabarma ta ce, "A ɗakina dai. Kowa ya tafi kasuwa." Sannan ta ɗaga kai ta dubi Baba ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi, ta ce ya zauna tana da magana.

Mu aka ce mu fita. Abin da suka tattauna da abin da ya same ni washegari da safe a zaure, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.