Inji ya mutu ana tsakar wasan Bayajidda

Alhamis, bayan isha'i.

Yau aka yi bikin rabon kyaututtuka a makarantarmu, 'yan ajina suka yi wasan Bayajidda gaban dagaci da iyayen yara. Labarin namu ne shi ya sa na zaɓe shi, ga Garun Gabas nan kusa da mu a ƙasar Haɗeja inda aka ce ya bar matarsa ta haifi Biram, kafin ya bi ta Gaya maƙera su ƙera masa wuƙa.

Da farko komai lafiya lau. Ana zuwa inda ya sauka gidan tsohuwa Ayana a Daura yana neman ruwa, sai janareto ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke ɗif. Yaron da ya fito a Bayajidda ya sandare, ya waiwayo yana neman idona a bayan labule, leɓensa har rawa yake. Tun a gwaji na sha gaya musu komai ya faru kar wanda ya tsaya, kar a kalli malam, amma faɗa daban, taron jama'a daban.

Yarinyar da ta fito a Ayana, wadda ko a aji da ƙyar ake jin muryarta, sai ta dogara sandarta ta matso gaba ta ɗaga murya: "Ɗan nan, ƙishirwa ce ta ɗaure maka harshe? Ai garin nan ba a ɗiban ruwa sai Juma'a, macijin Kusugu ya hana!" Wallahi rabin maganar nan babu ita a takarda, ita ta ƙirƙiro don ta miƙa masa bakin zaren, kuma ya kama. Sai da na ji ƙwalla.

A rijiyar ma ba mu tsira ba. Durom ne rijiyar, macijin kuma tsohon tiyub na babur da muka cusa wa tsumma, yana kai sara takobin katakon ya karye biyu. Wannan karon ko waiwaye bai yi ba, ya yar da guntun ya shaƙe wuyan macijin suka yi ta kokawa har kan ya fita, mata suka rangaɗa guɗa, wasu ma sun ɗauka haka aka tsara.

Zango mai zuwa in Allah ya kai mu ita zan ba Daurama, gwajin kuma a fili za mu riƙa yi ba lasifika, ni ina can gindin darbejiya, duk wanda ban ji muryarsa ba ya sake.