Idan ka ninka, wa zai jira?

A shekarar ƙarshe ta karatuna na harkar kasuwanci, aka ce kowa ya zaɓi masana'anta ɗaya ya bibiyi rahotanninta na shekara-shekara. Ni na ɗauki kamfanonin motocin alfarma masu gudu, kuma gaskiya ba don ilimi ba. Tun ina yaro na haddace wace mota ce ta fi wace ƙarfin doki, sai na ɗauka aikin zai zo mini da sauƙi.

Da Ferrari na fara. A 2023 motoci 13,663 kacal suka sayar, amma kuɗin shigarsu ya kusa Yuro biliyan 6, ribar da ta rage kuma ta haura biliyan 1.2. Na raba ribar da yawan motocin, sai ga kusan Yuro 90,000 a kan kowace ɗaya, ko da yake akwai kuɗin masu ɗaukar nauyin tsere da na tambari a ciki. Rukunin Toyota kuwa ya sayar da fiye da miliyan 11 a wannan shekarar, wato abin da Ferrari ke fitarwa a shekara bai kai cinikin Toyota na rabin yini ba. Nan take na rubuta shawarata cikin gadara: tunda mutane na bin layi har fiye da shekara, a faɗaɗa masana'antar Ferrari da ke Maranello, a ninka yawan motocin, riba ta ninku.

Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ajiye takardar, ya ce, "To madalla. Amma idan ka ninka, wa zai jira?"

Na ce, "Malam, ai jiran shi ne matsalar."

Ya ce, "Koma ka sake karantawa. Wataƙila jiran ne hajar."

Raina bai so ba, amma na koma. A nan na ci karo da maganar da ake dangantawa da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, cewa kullum a ƙera mota ɗaya ƙasa da abin da kasuwa ke nema. Da na ɗauka kurin masu kuɗi ne. Ashe lissafi ne. Mai sayen irin wannan mota ba zuwa aiki zai riƙa yi da ita ba, yana da wasu a gareji. Abin da yake biya shi ne tabbacin cewa ba kowa ke da irinta ba, kuma ranar da zai sayar ba za ta faɗi warwas ba. Da zarar ta cika titi, ta gwanjo ta karye, wanda ya saya bara ya ji an cuce shi, baɗi ba zai dawo ba. Shi kuwa tsohon mai saye shi ne jarin kamfanin, domin mafi yawan sababbin motocin Ferrari waɗanda suka riga suka mallaki wata ne ke ɗaukarsu. Masu ƙayyadadden adadi ma ba a zuwa da kuɗi a saya, kamfani ne ke zaɓar wanda zai kira. Dila yana iya kallon attajiri ya ce masa babu, kuma wannan "babu" ɗin tana cikin abin da ake sayarwa.

Ga kuma ƙari. Bayan an samu gurbi, sai zaɓen launin fenti, irin fatar kujeru, zaren ɗinki, launin birki. Waɗannan ƙananan abubuwa suna kawo wa Ferrari kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motoci da kayan gyara. Zare fa, ba inji ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gano cewa gudun da na haddace ba shi ke ciyar da kamfani ba. Bugatti Veyron ta fito a 2005 da silinda 16, ƙarfin doki 1,001, tana taka kilomita 407 a awa. Guda 450 aka ƙera cikin shekara goma, kuma masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa Volkswagen, mai Bugatti a lokacin, ya yi asarar miliyoyin Yuro a kan kowace ɗaya idan aka haɗa da kuɗin bincike. Ferdinand Piëch, shugaban Volkswagen, shi ne ya so ta, kuma akwai aljihun da zai ɗauki nauyin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aston Martin, da ya daɗe ba shi da irin wannan uban gida, sau bakwai yana karyewa a tarihinsa, duk da sunan da ya yi.

Porsche ma ya kusa durƙushewa a farkon shekarun 1990. Da Wendelin Wiedeking ya karɓi ragama a 1993, ya ɗauko tsofaffin injiniyoyin Toyota daga Japan su koya wa Jamusawa rage ɓarna a masana'anta, abin da ba ƙaramin haɗiye girman kai ba ne. Boxster ta 1996 ta yi tarayya a kayan haɗi da yawa da 911, shahararriyar motar kamfanin. Sannan a 2002 aka fito da Cayenne, babbar jif ta iyali. Masoya 911 suka yi ta tsaki, amma kuɗin jif ɗin ne ya ba kamfanin numfashi. Lamborghini, da mai ƙera tarakta ya kafa a 1963 kuma Audi ya saye a 1998, bai taɓa haura mota 10,000 a shekara ba sai a 2023, kuma fiye da rabinsu jif ɗinsa Urus ce. Idan ka leƙa ƙarƙashin Urus ɗin nan, ginshiƙinta ɗaya ne da na Cayenne da Bentley Bentayga da Audi Q7. Uwa ɗaya, riguna daban, farashi daban.

To a nan na ga kamar na kama Malam. Na koma ofishinsa da murna na ce, "Ranka ya daɗe, ai ga Porsche da Lamborghini sun ƙara yawa kuma sun ci riba. Ferrari ma ya bi sahu, ya fito da Purosangue mai ƙofa huɗu a 2022."

Ya ce, "Nawa suka ce za su ƙera?"

Ban duba ba. Da na duba, sai na tarar sun ɗaure kansu tun farko: ba za ta wuce kashi 20 cikin ɗari na abin da suke fitarwa a shekara ba, komai tsawon layi. Har suka dakatar da karɓar oda na wani lokaci, alhali masu kuɗi na tsaye.

Na sake rubuta babin gaba ɗaya cikin mako biyu. Shafin nan na shawarar ninkawa ban yaga shi ba, yana nan cikin fayil da alamar tambaya da jan biro a gefensa.