Kada sunan wanda ya yi aiki ya ɓace a Git

Matasan Yamai masu haɗa hannu kan manhajar da kowa ke iya buɗewa ya gyara, yawancin rigimarku ta "wa ya yi wannan?" daga rashin sanin Git take tasowa, wato manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen da ake yi wa aikinku.

Git na ajiye suna biyu a kowane canji: wanda ya rubuta da wanda ya shigar. In abokinka ya turo maka gyara ta WhatsApp ka kwafa ka shigar, duka biyun sunanka za su ɗauka, nasa ya ɓace. Maganinsa, lokacin shigar da canjin ka sa --author a cikin umarnin, da sunansa da imel ɗinsa. In tare kuka yi, a ƙasan bayanin canjin ka tsallake layi ɗaya, ka rubuta Co-authored-by: da sunansa da imel. GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, zai ƙirga masa aikin, amma sai imel ɗin yana haɗe da asusunsa.

Dunƙule canje-canje da yawa su zama ɗaya ma kan haɗiye sunaye, a duba kafin a dunƙule.

Abin da ya fi damuna: masu gwaji da masu fassara zuwa Hausa ko Zabarmanci sau da yawa ba sa fitowa a tarihin Git. Ku rubuta su a fayil ɗin AUTHORS, inda ake jera sunayen masu aikin. Lasisin MIT kuwa, ɗaya daga cikin takardun izinin amfani da irin wannan manhaja, ya wajabta barin sanarwar haƙƙin mallaka, goge ta saɓa wa lasisin ne.