Ƙananan manhajojin da suke riƙe min shago

Shekaranjiya da rana tsaka wani yaro ɗan ajin ƙarshe a Poli ya faɗo shagona nan Tudun Wada, gumi sharkaf, wai furojet ɗinsa da na yi masa taifin kusan wata biyu da suka wuce yake so a sake fitar da babi na uku, malaminsa ya yi gyara, kuma filash ɗinsa ya ɓace, sunan fayil ɗin ma bai tuna ba. Na ce masa ya sunan babanka, ya faɗa, na buga haruffa huɗu kacal sai ga aikinsa a gabanmu. Ya kalle ni ya ce "Oga wannan wace irin kwamfuta ce haka?" Dariya kawai na yi, don tsohuwar HP ce ta hannu, RAM ɗinta giga 4, idan ka kunna ta sai ka je ka sayo kunu ka dawo kafin ta gama farkawa.

Aikin na wata 'yar manhaja ne mai suna Everything, ta kamfanin voidtools, kyauta ce kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya sa take da saurin nan shi ne ba ta bin folda folda tana buɗewa, jerin sunayen da diski ɗin ya riga ya ajiye take karantawa, shi yasa kana buga harafi tana zubo maka sakamako kafin ka ɗaga yatsa. Ka rubuta ext:pdf ta kawo maka duk PDF ɗin da ke cikin na'urar, ka rubuta dm:today ta kawo abin da aka taɓa yau kaɗai. Amma fa da suna take aiki, to idan kai irin mutanen nan ne masu ajiye aiki da suna "Document1" ko "final final na gaske", ba abin da za ta tsinana maka. Ni yanzu kowane aiki sunan mai shi nake fara sawa, sai irin aikin, sai wata da shekara. Na fi shekara uku ina haka, kuma ban ƙara zama ina tonon folda kwastoma na tsaye a kaina yana duba agogo ba.

Sai maganar wuta, wadda duk mai kwamfutar tebur a garin nan ya san zafinta, don ita ba batir gare ta ba, ana ɗaukewa ɗif take mutuwa. Na taɓa yin asarar shafi goma sha ɗaya na takardar wata Hajiya, na taifa tun safe ban yi sebin ba, ranar ko abincin rana kasa ci na yi. Tun daga nan yatsana na hagu ya koyi Ctrl da S na yin sebin, har a mafarki ina jin ina dannawa. Kuma Word yana da wani abu da yake ajiye maka aiki da kansa duk bayan minti 10, ka shiga File, Options, Save ka mayar da shi minti 2. Idan da hali a sayi UPS, na'urar batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ko ƙarama ce, ba don ka ci gaba da aiki ba, don dai ka samu 'yan mintocin da za ka yi sebin ka kashe cikin mutunci kafin a tada janareta.

Wanda ya fi ba ni haushin rashin saninsa da wuri shi ne maɓallin Windows da V. Yana nan cikin Windows 10 tun 2018 amma ni sai daga baya wani ƙanena ya nuna min. Da, idan ka kwafi abu ka sake kwafar wani, na farkon ya tafi. Wannan kuwa yana riƙe maka har guda 25, ka danna ka zaɓi wanda kake so. Lokacin rajistar JAMB ko cike fom ɗin neman aiki da za ka yi ta maimaita imel da lambar waya da NIN, wallahi rabin wahalar ya tafi. Sai dai don Allah masu shago, kwastoma na tashi ku goge, bayanan mutane amana ne, kar na bayansa ya zo ya tarar da lambobin wani a jere.

Filash ɗin ɗalibai kuwa wannan wani babi ne. Za a miƙo maka, ka soka, ka ga duk foldodin sun koma masu 'yar kibiyar nan, yarinya ta fara hawaye wai aikinta ya goge. Yawanci bai goge ba, bairos ne ya ɓoye su ya ajiye na bogi a wurinsu, kuma kana danna na bogin ka kwaso wa kanka ciwo. Kar ka taɓa su. Fara yi masa sikanin da Defender, maganin bairos ɗin da ya zo da Windows, sannan ka buɗe cmd, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa Windows umarni, ka buga harafin filash ɗin, misali E: ka danna Enter, sai ka rubuta attrib -h -r -s /s /d *.* ka jira kaɗan. Foldodin gaskiya za su fito, ka kwashe su ka yi wa filash ɗin fomat. Na sha addu'a a kan wannan layi ɗayan fiye da duk taifin ɗin da na yi a rayuwata.

Data ma tana da nata. Yawancinmu daga waya muke jona intanet, kuma Windows idan ta ga hanya ba ta da kunya, sai ta kama sauke abubuwanta ka ga giga biyu sun narke ba ka buɗe komai ba. Ka shiga saitin wayifai ɗin ka kunna Metered connection, za ta rage haɗama sosai. Amma ka riƙa ware rana kana barinta ta sabunta kanta. Kuma masu Windows 10 irina mu sani, Microsoft sun rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin na'urorinmu da yawa kuma ba za su ɗauki 11 ba, wannan zancen wata rana ne.

Sauran a gurguje. PDF24 nake haɗa takardu da shi in rage musu nauyi idan shafin rajista ya ce fayil ya yi girma, kuma ba ya buƙatar intanet, ba sai ka ɗora sakamakon jarrabawar mutane a wani shafin da ba ka san mai shi ba. 7-Zip na buɗe fayilolin da aka matse, wani ɗan Rasha Igor Pavlov ya yi shi tun 1999, kyauta. VLC kowa ya san shi, duk bidiyon bikin da aka kawo yana ci. Windows da Shift da S na yanko hoton sikirin, Ctrl da Shift da T na dawo da shafin intanet ɗin da ka rufe bisa kuskure.

Abin da ba na sawa shi ne manhajojin nan masu cewa za su ƙara wa kwamfuta gudu, da waɗanda aka fasa ake zuba wa mutane a kasuwa kamar gyaɗa. Idan tana jan ƙafa, danna Ctrl da Shift da Esc, ka je Startup, ka ga tarkacen da suke tashi tare da ita ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Tawa da na fara dubawa har da manhajar wata firinta da na sayar tuntuni.

Na san wani zai ce ya aka yi nake rubutu da ƙugiya a kwamfuta. A Word, buga 0199 ka danna Alt da X zai koma ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Idan harafin da ke gabansu ya rikita abin, sa tazara ka goge daga baya. Ni dai na gaji da haddar lambobi na zuba su a AutoCorrect, in na buga k da alamar da na zaɓa sai ya juye da kansa. Dalilin kuwa wani katin ɗaurin aure ne da na taɓa bugawa, "ƙarin bayani" ya fito "karin bayani", "ɗaurin" ya fito "daurin", kawun ango tsohon malamin Hausa ne, ya dawo min da kati ɗari biyu a leda ya ce a sake.