Lambun Hajiya a Saman Bene

A Kano inda na tashi, shekara kashi huɗu ce, wato damina da kaka da hunturu da bazara, kuma kowane yaro ya san abin da ke tafe da kowannensu. Da aure ya kawo ni Makka sai na tarar da wani lokaci da Larabawa ke kira rabi'i, wanda mu ba mu da sunansa, domin ya wuce hunturu amma bai kai bazara ba. A garin nan yakan kama daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin da ɗan sanyin da ake yi ya janye, zafin da ke hana mutum taɓa ƙarfen ƙofa da rana kuma bai sauka ba tukuna. A cikin waɗannan makonni ne gidanmu yake komawa saman bene, wurin da mutanen nan ke kira suɗuhu, inda surukata Hajiya take da lambunta, take kuma yin saƙarta.

A Makka aka haifi Hajiya. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan suna tsayawa noma a hanya domin su tara guzuri, har suka tsallako Bahar Maliya zuwa Jidda bayan shekaru. Ita ba ta taɓa ganin damina irin tamu ba, ba ta taɓa jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari a gonar gero ba, amma babu ganyen miyar da ba ta san sunansa da halinsa ba, saboda mahaifiyarta ta riƙe su a baki da hannu har ta bar duniya. Lambun da ta gada ba fili ba ne. Bokitan fenti ne da aka huda gindinsu, da jarkokin da aka yanke, da buhunan shinkafa da aka naɗe bakinsu, an jera su a jikin katanga ta gefen da inuwa ke fara sauka bayan azahar.

Shekarar da na zo na so in nuna cewa ni ma na san shuka, sai na sa irin tumatir a watan Afrilu. Ya tsiro da kyau, ya yi ganye, ya yi fure, sannan furen ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya bar ko ɗa guda ba. Hajiya ta dube shi ta ce, “'Yar nan, kin makara da wata shida. Tumatir ɗan sanyi ne.” A nan na tuna cewa ko a Kadawa ta jihar Kano da sanyi ake nomansa, amma ban taɓa haɗa wannan da abin da ke gabana ba. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen tumatir ba ya kamawa komai yawan ruwan da aka ba shi. Makka kuwa gari ne da aka auna zafin digiri 51.8 a Harami lokacin aikin Hajjin 2024. Tun daga shekarar da na yi wannan kuskure a watan Oktoba nake sa tumatir, mu ci shi har zuwa Maris.

Abin da ake shukawa a rabi'i shi ne wanda zai iya tsayawa idan zafi ya zo. Kuɓewa ce kan gaba, sai lalo wanda maƙwabtanmu ke kira mulukiyya, sai yakuwa. Hajiya takan jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa kafin ta binne shi, saboda ɓawonsa yana da tauri. Yakuwa kuma tana da wani hali da ya kamata mai shuka ta ya sani, domin ba ta yin fure sai yini ya fara raguwa, don haka wadda aka sa a Maris ganye za ta yi ta bayarwa tsawon watannin zafi, zoɓon sai can wajen ƙarshen shekara. Wannan bai dame mu ba, tun da busasshen zoɓo yana ko'ina a kasuwa da sunan karkade, ɗanyen ganyen da za a sa a fate ko miyar taushe shi ne abin wahalar samu. Zogale guda biyu gare mu a cikin manyan ganguna, saboda saiwarsa zurfi take nema, kuma duk lokacin da ya kai ƙirjin mutum sai Hajiya ta sa a datse kansa domin ya yi rassa maimakon ya miƙe iska ta karya shi.

Ƙasar da ake zubawa a bokitan saye ake yi, a gauraya ta da yashi da takin tumaki wanda ya daɗe ya huce, domin sabon taki ƙona saiwa yake yi. Batun ruwa ne Hajiya ba ta sassauci a kansa. Ruwan famfon Makka daga teku ake tace shi a Shu'aiba kafin a turo shi cikin gari, kuma ita ta yi zamanin da ake sayen ruwa a hannun masu ɗauko shi a garwa, shi ya sa ba ta yarda a zubar da ko kofi ɗaya. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk saman bene suke hawa, haka ma wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, akwai jarkar da aka tara masa. Ruwan da sabulu ya taɓa kaɗai ne ba a kai wa shuka. Ban-ruwa bayan sallar asuba ne da bayan magariba, kuma aikin yaran ne. Autana, wanda Hajiya take kira maigidanta kamar yadda kakanni ke yi, shi ne mai kula da na'ana'a da ɗoɗɗoya, kuma a bakin bokitan nan ya koyi kalmomin da ba zai taɓa ji a makaranta ba, irin su tsiro da toho da yabanya.

Mun taɓa hawa Ɗa'if a irin wannan lokaci domin ganin tsinkar wardi. Garin yana kan tudu da ya haura mita 1,800, kuma tun kafin rana ta ɗaga ake tsinke furen a kai shi manyan tukwanen tagulla inda ake fitar da ruwansa da turarensa. Na sayo dashe ɗaya duk da Hajiya ta girgiza kai, bai kuwa kai watan Yuni ba ya bushe.

Idan an yi la'asar sai a shimfiɗa tabarma kusa da zogalen, Hajiya ta fito da kayan saƙarta. A shekarar 2025 da azumi ya kama ranar 1 ga Maris, zaman ya koma bayan tarawihi, amma bai fasa ba. Faifai take saƙawa da mafici. Mahaifiyarta da kaba ta koya mata, amma a nan ganyen dabino ya fi sauƙin samu, sai ta koma kansa. Ƙaramin ganye na tsakiyar bishiya ake nema, a shanya shi ya bushe, a tsaga shi siri-siri, a dafa wani a galura ja ko kore ko baƙa, sannan a jiƙa shi kafin aiki domin kada ya karye. Ana dunƙule wasu tsage a matsayin ciki, a riƙa naɗe su da mai launin ana cusa basilla a zagayen da ya gabata, haka za a yi ta kewayawa daga cibiya har faifan ya kai faɗin da ake so. Idan tana wannan aiki idonta ba ya kan hannunta, yana kan jikokinta, tana ba su labarin yadda unguwar take kafin a rushe tsofaffin gidajen da ke kewayen Harami.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ni da aka haifa a Kano, na sha wucewa ta wajen masu faifai a kasuwar Kurmi, na sha rufe kwano da shi, na sha sheƙe hatsi da shi, amma ban taɓa tambayar yadda ake fara shi ba. Sai da na zo garin da ba a noma gero na ga matar da ta riƙe sana'ar ba don ta sayar ba. Hukumomin Saudiyya sun ware shekarar 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu, an yi ta maganar saƙar sadu ta makiyaya da saƙar ganyen dabino ta Ahsa, kuma a ganina faifan da tsofaffin matan Hausawa ke saƙawa a unguwannin Makka ya cancanci a ambace shi tare da su, tun da a nan ake yinsa shekara da shekaru. Masu yinsa kuwa raguwa suke yi, domin murfin roba ya fi araha, 'yan mata kuma ba su da haƙurin zaman.

Idon Hajiya ya fara rauni, cibiyar faifai kuma ita ce ta fi bukatar gani, don haka bana ta ce in zauna in koya ko don in riƙa fara mata. Na farko da na biyu duk sun lanƙwashe kamar akushi, ta ce ina jan ganyen da ƙarfi fiye da kima, ta sa na warware. Makon jiya muka tuge tumatirin da ya gama, muka ɗaura ragar inuwa a kan kuɓewa da lalo, muka zuba irin da muka ware cikin kwalba tare da toka domin kada ƙwari su ci. A ranar na gama na uku. Ta karɓa ta ɗora shi a kan tabarma, ta shafa shi da tafin hannu ta ji ya kwanta, sannan ta sauka da shi ƙasa ta rufe kwanon tuwon ɗanta.